Kwalbar Bappa da Tumatirin Dada

Ranar kasuwar Ngurore ce, a bazarar shekarar da na shiga aji huɗu, a-kori-kurar Babanmu ta yi tari sau biyu ta mutu a tsakiyar hanya. A bayanta akwai kwandunan tumatirin da Dada, mahaifiyarmu, ta kwashe rani guda tana ba ruwa a bakin tafkin Njuwa, ni kuma ina zaune a kan buhun albasa. Baba yana gida kwance da ciwon ƙafa, ƙaninsa Bappa Hammadu ne a kan sitiyari, mutumin da bai taɓa rasa amsar tambayar da ba a yi masa ba.

Kafin ranar, aikina ne duk safiya in riƙe mazurari, Baba ya shimfiɗa tsohon ƙyalle ya tace man dizal ɗin da muke saye a jarka wurin 'yan bumburutu, don ba a rasa ruwa da datti a gindinsa. Bappa na karɓar makulli ya soke wannan. Wai ƙauyanci ne. Ya samo wata 'yar kwalba a bakin tasha a Jimeta, wai maganin inji, wai tana wanke tanki, ta ƙara gudu, ta cinye ruwa. Sai ka ce rubutun sha! Filtar tace mai kuwa ko kallonta bai yi ba. Haka zai tsaya gaban yaran unguwa yana ɗiga maganin da yanga yana cewa, "Mota ma 'yar gata ce, sai da magani."

To, ga 'yar gata ta kwanta a rana, ranar Yola kuwa ba ta san wasa ba. Motoci biyu suka tsaya za su kwashi kayan, Bappa ya sallame su, don kada a ji a gari cewa kwalbarsa ta kunyata shi. Dada ta ce, "Bappan yara, ka bari a sauke, don Allah." Ya ce minti biyar kawai. Ya juye kwalba ta biyu, ya sa mu turi har tafin hannuna ya yi ja. Kafin la'asar ruwan tumatir na ɗiga ta ƙarƙashin mota, ƙudaje sun taru. Bakanike ya zo ya kwance filta, ya zazzage laka da ruwa a gaban Bappa. Ko kunya! Bappa ya ce ai maganin ne ya yi kaɗan.

Dada ba ta yi kuka ba. Ta tsince abin da zai yanku ta shanya, sauran awakin wani gida suka cinye. Shekarar nan ba ta sake kama fili a Njuwa ba, kuma ba ta koma ba har ta rasu.

Yanzu irin kwalaben nan sun cika shagunan unguwar Bekaji, da launi mai ɗaukar ido, kuma an ce wasu na aiki in an kula da motar. Wataƙila. Ni dai in na ga mai mota yana ɗiga su cikin tanki yana washe baki, Dada nake gani durƙushe a gefen kwalta tana zaɓar na kirki cikin ruɓaɓɓe. Wanda ya yi ban-ruwan daban, wanda ya yi taurin kan daban.