Muƙamuƙin Akuyar Malam Gershon

Faɗana da Malam Gershon a kan ƙashi ne, muƙamuƙin akuya da aka huda aka zura wa igiya. A firamaren ƙauyenmu, nan kusa da Kwoi, shi ya kawo dokar: duk yaron da aka ji ya yi yarenmu a makaranta, a rataya masa ƙashin a wuya. Ba zai cire ba sai ya kama wani yana yi, ya miƙa masa. Wanda aka buga ƙararrawar tashi ƙashin yana wuyansa, shi ke shan bulala shida.

Wata rana 'yata Milka, tana da shekara bakwai, rina ta harbe ta a kunne. Ta yi ihu ta kira ni da yaren da na haife ta a ciki. Aka rataya mata. Ta ƙi kama kowa, ta sha bulalarta, ta dawo gida da kunne kamar ƙosai. Washegari na bar shanyar citta, na tafi da ƙasa a ƙafata har cikin aji.

Na ce, "Gershon, rinar ma da Turanci take harbi?"

Ya gyara tabarau, ya amsa mini da Turanci. Ni fa! Mutumin da muka yi kiwon awaki tare, tun majina na zuba masa har baki. Kalma ɗaya na tsinta, banakula, sunan da suka ba yarenmu a makarantar.

Na ce, "Banakular ce ta ba ka nono, marar kunya." Daga nan shekara goma sha ɗaya ba mu gaisa ba, ko a ƙofar majami'a.

Ba zan yi masa ƙarya ba don ya mutu. Shekara talatin da biyar ya koyar, a kan keke ɗaya, da farar riga da garin alli a gira. Bai sha burkutu ba. Bai taɓa tura 'ya'yan mutane gonarsa ba, kamar yadda sauran malamai ke yi da damina. Idan yaro ya kasa, yakan zaunar da shi a gindin mangwaro har sai abin ya shiga. Milka nas ce yau a Kafanchan, ita ce ma take rubuta wannan da hannun da ya koya mata, tana hararata. Abin da ya yi imani da shi ɗaya ne, yana faɗa a ko'ina: yarenmu iyakarsa Kagarko, daga can sai Turanci. A gidansa dokar ta fi tsanani. Ɗansa Azariya ya girma yana jin Hausa a kasuwa, Turanci a gida, yarenmu kuwa sai gaisuwa, ita ma a karkace.

Da ya yi ritaya sai duniya ta yi masa shiru. Matarsa ta rasu, Azariya na Abuja. Yakan zauna a ƙofar gida da tsohuwar jarida, yana gyara Turancin fasto a ransa. Waɗanda ya koyar su wuce a babur, su danna masa hon, ba sa tsayawa. A lokacin ne muka koma gaisawa, don tsufa ba ya barin mutum ya zaɓi abokin hira.

Bara, lokacin haƙar citta, ɓarin jikinsa ya shanye. Da bakinsa ya buɗe, Turancin nan kaf ya tafi, kamar an share allo. Hausar ma kaɗan ta rage. Yarenmu ne kawai ya zauna, tsantsa, irin na kakanninmu, har da kalmomin da ni kaina na manta.

Azariya ya zo da 'yarsa Irene, budurwa mai shirin shiga jami'a. Tsohon ya riƙe hannunta yana ta magana, babu mai fahimta. Sai aka aiko a kira ni.

Azariya ya ce, "Mama, don Allah me Baba yake cewa?"

"Ka tambayi digirinka mana."

Amma na zauna. Albarka yake so ya sa wa yarinyar da bakinsa, kuma yana so ta ji. Ya gaya mata fuskar uwarsa ta ɗauko. Ya kira sunan uwar, da na uwar uwar, da rafin da suka ɗebi ruwa. Ya ce ƙafarta kada ta yi tuntuɓe a ƙasar baƙi, ta tuna tana da ƙofar da za ta shiga ba sallama. Ya daɗe yana yi, miyau na zuba, ina juyawa da Hausa. Azariya kuma ya juya wa 'yarsa da Turanci, don ko Hausar ba ta ji, a numfashi ɗaya.

Na ce, "Kai, duk wannan maganar ita ce ka gama?"

"Na ce mata Kaka yana mata fatan alheri a karatu. Sauran ba za ta gane ba, Mama."

Yarinyar ta yi murmushi, ta yi godiya cikin ladabi, ta zare hannunta a hankali. Ba laifinta ba ne. Gershon bai ji Turancin ba, amma ya ji gajartarsa. Ya juya fuska bango.

Da suka fita ya kira ni da sunan da rabon da ya faɗa tun muna kiwo.

"Hulda. Koya mata."

"Ni? Ai ban yi makaranta ba. Kai ne malam."

"Na ɗauka hanya nake buɗe musu. Ki gaya mini, na yi daidai?"

Ana cikin haka aka buga ƙararrawar firamare, muna jin yara suna fitowa da gudu. Kwana uku bayan nan ya rasu, ban kuma sake komawa ba. Milka ta ce da ma na ba shi amsa mai taushi. Wataƙila. Abin da na ce masa dai, da yarenmu, shi ne:

"Ka koyar, Gershon, kuma sun koya. Duk gidanka babu wanda za ka kama yana yi ka miƙa masa. An tashi makaranta, ƙashin yana wuyanka."