Wa da Ƙane Sun Gaisa Sau Biyu: Shekara Tara Bayan Yaya Rabi

Bana shekara tara ke nan da muka kai Yaya Rabi makwancinta a bayan garin Birmingham, cikin irin yayyafin ƙasar nan da ba ka sanin ya jiƙa ka sai sanyi ya kai ƙashi. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ta biyo mijinta daga Kano, ta zama malamar lissafi a wata sakandare a unguwar Balsall Heath, ni kuma na biyo bayanta na zama likitan ƙwaƙwalwa a Manchester. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in kasa. Bana wani abu ya faru da ya hana ni yin shiru.

Sai na fara da baitinta, don in ba shi ba za a gane labarin ba. Ina aji uku a Kano, aljabara ta sha mini kai, musamman wurin da ake haɗa abu biyu sannan a ninka jimlarsu da kanta. Yaya Rabi ta zaunar da ni a tsakar gida ta ce in manta da haruffan, in ɗauka wa ne da ƙane. Sai ta rera: "Wa ya ninka kansa, ƙane ya ninka kansa, su gaisa sau biyu a tsakiya." Ta gwada mini da sha uku sau sha uku. Goma shi ne wa, ya ninka kansa ya zama ɗari. Uku shi ne ƙane, ya zama tara. Gaisuwarsu goma sau uku, talatin, a yi ta sau biyu, sittin. Ɗari da sittin da tara ke nan. Ta ce yawancin ɗalibai gaisuwar suke tsallakewa, kuma gidan da ba a gaisawa lissafinsa ba ya cika.

Da ta zo Birmingham ta ƙi fassara baitin. Da Hausa take koya wa yaran ajinta shi, 'ya'yan Somaliya da na Pakistan da na Turawa, suna buga tebur suna rerawa, sai daga baya ta yi musu bayanin ma'anarsa. Takan ce abin da baki ya sha wahala kafin ya furta, kai ba ya saurin sakinsa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Yaro yana ɗora waya a kan tambaya, kafin ya ƙifta ido amsa ta fito har da bayani. 'Ya'yanmu kuwa ka yi musu Hausa su amsa da Turancin unguwa. Ba na jin za ta yi faɗa, ba halinta ba ne. Ina jin za ta karɓi wayar ta kifa ta a tebur, ta ce, "To, faɗa mini da bakinka."

Ciwon huhu ne ya raba ta da aji. A watanninta na ƙarshe tana kwance a ɗakin sama na gidansu a unguwar Small Heath, robar iska a hancinta. Wata Asabar da na zo dubiya ta ce, "Auta, na gama na hawa uku." Tana nufin wanda ake ninka jimlar da kanta har sau uku. Ta rera a hankali: "Wa uku shi kaɗai, wa biyu da ƙane sau uku, ƙane biyu da wa sau uku, ƙane uku shi kaɗai." Ta sa na gwada da sha ɗaya: dubu, ɗari uku, talatin, ɗaya. Na lissafa na ga haka ne. Amma a tsakiyar baitin, bayan "wa biyu da ƙane", numfashi ya yanke mata. Ta ja iska da ɗan fito kamar na butar shayi, sannan ta ƙarasa. Ta yi dariya ta ce saura ta koma aji ta gwada shi a kan yara. Ba ta koma ba. Mu biyu ne a ɗakin ranar.

A farkon bana, bayan na idar da azahar a asibitinmu, wata nas ta tare ni a hanya ta ce akwai mara lafiya da yake yin wani yare da ba wanda ya gane, ko zan zo in ji. Sunansa Tom, Bature, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai aikin lantarki. Ya faɗo daga tsani, jini ya zuba a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, magana ta ɗauke. Ko sunansa ba ya iya faɗa. Mahaifiyarsa tana zaune gefen gado riƙe da hannunsa.

Na ja labule. Rana ce tsaka, ga hasken taga, ga ƙarar kwanukan abinci a waje. Idonsa na kallon rufi, yatsunsa na buga ƙarfen gado, bakinsa kuma yana cewa, "Wa ya ninka kansa, ƙane ya ninka kansa." Da ƙ ɗinsa daram, kamar haifaffen Fagge.

Likitan da ke cikina ya yi saurin ba ni amsa. Mun san wanda magana ta ɗauke wa yakan riƙe waƙa ko abin da ya haddace yana yaro. Na tambayi mahaifiyar inda ya yi sakandare, ta ce Balsall Heath. Na ce alhamdu lillahi a zuci, ɗalibinta ne. Har na juya zan fita sai na ji ya ci gaba.

"Wa uku shi kaɗai, wa biyu da ƙane."

Ya tsaya. Ya ja iska da ɗan fito. Sannan ya ce, "Sau uku."

Huhun yaron nan lafiyarsa ƙalau, ni na duba hotonsa daga baya. Na dawo bakin gadon. Mahaifiyar ta ce, "Likita, me yake cewa? Addu'a ce?" Na ce mata lissafi ne. Ta dube ni kamar ni ne ke buƙatar gado.

Ni Musulmi ne, na san wanda ya tafi ba ya dawowa, kuma ban ce wani ya dawo ba. Na yi ta nema wa abin hanya. Wataƙila ta daɗe da tsara baitin ta gwada a aji, ciwo ya sa ta manta. Wataƙila yaron ya je dubiya. Na kira Safiya, babbar 'yarta, ta ce, "Kawu, kati kawai 'yan ajin suka aiko, ba wanda ya hau sama wurin Mama." Fiton kuma wataƙila kunnena ne ya ƙirƙira, don mai kewa yana jin abin da yake so. Amma nas ɗin ma ta ji, har ta rubuta a duba ƙirjinsa.

Da wannan baiti masu koyar da magana suka samu igiyar jawo shi. Suka riƙa sa kalmomin Turanci cikin kiɗansa, yana buga gado yana bin su. Kalmar farko da ta fito masa ba tare da kiɗa ba, mahaifiyarsa ya kira. Ran da ya dawo a duba shi bayan an sallame shi, yana magana a hankali amma sarai, na ce masa malamar nan yayata ce. Ya yi hawaye, ya rera mini na farkon tsaf, har ya gwada da sha biyu. Sai na rera masa na hawa uku. Ya saurara, ya girgiza kai.

"Wannan ban taɓa jin sa ba. Ta tafi jinya kafin mu kai wurin."

Ban sake tambayarsa ba, kuma na daina tambayar kaina. Sanin gaibu sai Allah.

Yaya Rabi ba ta rubuta littafi ba, ba a sa sunanta a jikin wani gini ba, makarantar ma na ji an canja mata suna. Amma an ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Akwai wani saurayi a Manchester da a yau yake ɗaga waya ya kira uwarsa ya tambaye ta yadda ta kwana, kuma ta hanyar Hausar wata mata 'yar Kano da ke kwance ƙarƙashin ciyawar Birmingham harshensa ya dawo. Malamai sun ce ilimi mai amfani yana bin mai shi har kabari. Ina roƙon Allah Ya sa kowace kalma da yaron nan zai furta har ƙarshen ransa ta zama haske a gare ta, Ya yalwata mata makwanci, mu kuma Ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.