Malam Iliya da Kujerun da Ya Hana Ni Ƙarawa

Ranar Talata da hantsi ɗan Malam Iliya ya kira ni: "Baba, Allah ya yi wa Malam rasuwa a gida, a unguwar Banifandu." Na yi salati, na zauna. Shekaru da yawa ke nan ban gaishe da Malam Iliya ba, domin a ganina shi ya raba ni da aikina.

Tare muka yi aiki a wani ƙaramin kamfanin jiragen sama a nan Yamai, masu farfela, da ke zuwa Agadas da Damagaram. Ni na dawo daga karatu a waje da takarduna, aka ba ni biro, wato ofis, da aikin lissafin riba. Shi kuwa ko lakkol, makarantar boko, bai gama ba. Aikinsa awon kaya da tsara inda kowane fasinja zai zauna.

Lissafina ya nuna jirgin ba ya mayar da kuɗin mansa. Na ce a ƙara layin kujeru, a rage wurin kaya. Darakta ya yarda. Malam Iliya ya ƙi sa hannu. A gaban kowa ya ce mini, "Ɗan boko, jirgi ba taksin unguwar Bukoki ba ne da za ka ce a matsa kaɗan." Aka yi dariya. Ya ƙara da cewa fasinjan littafina jaka guda yake riƙewa, namu kuwa hajiya ce da buhun dabino. In bazara ta yi, zafin rana kan rage wa jirgi ƙarfin tashi, shi ya sa ko kujerun da ake da su yakan bar wasu ba kowa. Matuƙa suka goyi bayansa. Darakta ya manta cewa da shi muka shirya ƙarin kujerun, ya sallame ni.

Na ga yadda yake da mutane. Yakan ta da babban alhaji daga baya ya maido shi gaba don nauyi ya daidaita, yana cewa, "Alhaji, girmanka na gaba ne." Ba wanda ya taɓa yin fushi.

A wurin zaman makoki wani tsohon matuƙi ya ja ni gefe. Ya ce ranar da aka kore ni Malam ya shiga wurin darakta har sau biyu yana roƙo: "Yaron nan bai yi ƙarya ba, zafin Agadas ne ba a koya masa ba." Ban taɓa sani ba.

Kamfanin ya rufe daga baya, kamar yadda lissafina ya nuna. Amma ba jirgin da ya faɗi da lissafina a cikinsa, ba ran da ke wuyana. Malam ne ya yi mini wannan.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya ba matarsa Hajiya da yara haƙuri, ya raya abin da ya bari. Tsakanin gidana da nasa tafiyar taksi guda ce, ban je na gode masa ba har aka binne shi.