Wofa Nsiah da Shahon da Ya Sauka a Kan Cikinsa

Bari in gaya muku tun yanzu, don kada gabanku ya faɗi kamar yadda nawa ya faɗi: ƙafar hagu ta jirgin ba za ta fito ba. Jirgin da Wofa Nsiah ya shafe shekaru yana ƙerawa zai kasance a sama, mai yana ƙarewa, rimot kuma yana hannun 'yata Pokuaa. Amma kafin mu kai can, sai kun san mutumin.

Wofa, wato kawu, haka duk unguwarmu ta Bantama muke kiransa. Da safe, kafin mai koko ta sauke tukunya, ya riga ya share rumfar bayan gidansa. Zai ɗaura tsohon zanen matarsa a ƙugu, ya kunna rediyon da ba ya saurara, sannan ya bi fiffiken jirgi da tafin hannu, a hankali, kamar mai duba zazzaɓin jariri. Inda ya ji tudu sai ya sa samfefa. Aikin gyaran jikin mota da feshin fenti ya yi a Suame, unguwar makanikai, tun yana saurayi. Da ƙarfi ya ragu ya bar motoci, ya koma kan abin da yake so tun yana yaro, wato jiragen yaƙi irin na dā, waɗanda mahaifinsa ya gani a yaƙin Bama ya dawo yana ba da labarinsu.

Kada ku ɗauka abin wasan yara nake nufi. Jirginsa in aka shimfiɗa fiffike ya fi ƙofar ɗaki tsawo. Da katakon rimi da falanki marar nauyi yake haɗa haƙarƙarinsa, ya lulluɓe, ya goge, ya sake gogewa, ya ɗora masa injin zarto da ya gyara. Kan kusoshin da ake gani a jikin jirgin gaske kuwa, da sirinji yake ɗiga su da gam, ɗaya bayan ɗaya, har sai wuyansa ya ƙage. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, in ya gama fenti jirgi yana ƙyalli, sai ya dawo ya ɓata shi da gangan. Ya kankare gefen fiffike da soson ƙarfe, ya shafa baƙin tukunya a inda hayaƙi ke fita.

Matarsa, Maame Dufie, takan leƙo ta ce, "Tsohon nan, ina sosona? Ka kankare mini gindin tukwane kaf, saura ka kankare ni."

Shi kuma ya ce, "Dufie, jirgin yaƙin da bai sha wuya ba ai farantin biki ne."

Ni sunana Amankwa, tela ne, karatuna bai wuce makarantar midil ba. Ni nake ɗinka masa rigunan da ake zura fiffike a ciki in za a ɗora a mota. Wata rana na aiki Pokuaa ta kai masa ɗinki, lokacin ta gama sakandare tana zaune a gida. Ba ta dawo ba sai da yamma, gashinta duk garin katako. Shi ke nan, son jirage ya kama ta. Ni kuwa mutum ne mai fargaba, kowa ya sani. In yarinyar nan ta tsallaka titi sai na ajiye almakashi. To ga farfela mai yanke yatsa, ga fetur, ga maza zalla a filin da suke tashin jiragen. Na je na ce, "Wofa, 'yar nan ita kaɗai gare ni." Ya ce, "To ka riƙa zuwa kana gadinta." Haka na zama ɗan ƙungiyar masu tashin jirgi, alhali ban taɓa riƙe rimot ba.

Kowace Lahadi bayan coci ake haɗuwa a wani fili bayan garin Ejisu. Wofa yana da doka: duk wanda zai tashi jirgi sai ya zo da buhu wofi. Yakan ce wanda bai zo da buhu ba bai shirya tashi ba. In jirgi ya faɗi, ba mai dariya sai an gama tsince. Kowa zai shiga ciyawa a jere, a tattara guntaye a zuba a buhun, sannan in an koma gidan Maame Dufie cin sakwara, mai hasarar ne ake sa wa tsoka mafi girma. Daga nan ne ake buɗe bakin tsiya. Pokuaa ta ci wannan tsokar fiye da sau ɗaya. Da rimot biyu haɗe da waya ya koya mata, yana tsaye a gefenta, in ta rikice ya karɓe, in ta daidaita ya sakar mata.

Ni dai ban taɓa kallo ba. Gindin mangwaro nake zama, in juya wa fili baya. Frimpong, wani direban tirela mai bakin tsiya, kullum sai ya ce, "Tela, juyo mana! Ba kai za a cilla sama ba!"

Wofa, kai ne ka ɗauki yaran da unguwa ta sallama, ka ba su samfefa a maimakon wa'azi. Kai ne Frimpong ya kawo wa jirginsa a buhu yana rantsuwa ya bar harkar har abada, ka zazzage buhun a kan tebur ka ce masa, "Wutsiya lafiyarta ƙalau, daga nan za mu fara." Ban taɓa jin ka ce wa wani "ai na gaya maka" ba.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko ya ɓoye. Amma wata Lahadi jirginsa ya yi nisa, ya kasa gane ko tahowa yake ko tafiya, sai ya miƙa wa na kusa da shi rimot ya ce, "Sauko mini da shi." Daga ranar bai sake tashin jirgi ba. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma bai yi alkawarin komai ba, don akwai wani ciwon a bayan yanar. A lokacin yana tsakiyar babban jirginsa, mai baki kamar na kifi da haƙora fari fat, wanda ya sa wa suna Shaho. Ya ce ba za a taɓa masa ido ba sai Shaho ya tashi. In ido bai dawo ba, ya dai ji kukansa a sama. In kuma ya dawo, to yana son ya tarar da jirgin a raye ya gan shi. Da hannu da hasken taga ya ƙarasa shi, Pokuaa tana gaya masa inda fenti ya yi kauri. Ya kuma faɗa wa kowa cewa daga wannan ya ajiye.

Wa zai tashe shi? Kowa ya ɗauka Frimpong ne, don ya fi daɗewa. Sai ga Wofa a shagona da ɗan mutum-mutumin da ake zaunarwa a kujerar matuƙi, ya ce in ɗinka masa 'yar riga. Na juya ɗan katakon a hannuna. Kitso ne a kansa, irin na Pokuaa, har da wushiryarta.

Na ce, "Wofa, don Allah ka rufa mini asiri. In ta fasa shi fa?"

Ya ce, "Sai ta ci tsoka."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Ka sa wa rigar aljihu."

Ranar da aka sa, filin ya cika. Maame Dufie da ba ta taɓa zuwa ba ta zo da kujerarta. Pokuaa ta durƙusa ta karɓi rimot da hannu biyu. Ni na ɗauki buhu na nufi mangwarona, sai na ji an damƙe mini hannu.

"Ina za ka? Yau kai ne idona."

"Wofa, ga Frimpong nan."

"Frimpong in ya ga kaza sai ya ce jimina. Kai ne ba ka iya ƙari. Tsaya nan ka gaya mini abin da kake gani."

Aka murza farfela, injin ya kama. Shaho ya ruga a kan ciyawa, ya ɗaga wutsiya, sai ga shi a sama. Na buɗe baki ban sani ba. Ashe abin da nake juya wa baya ke nan! Na ce, "Ya tashi! Ya naɗe ƙafafu! Ya karkata dama, rana ta bugi cikinsa. Wofa, haƙoran nan kamar zai ciji gajimare!" Tsohon yana ta gyaɗa kai, kunnensa a sama, yana murmushi kamar an ba shi labarin haihuwa. Da jirgin ya zo wucewa ƙasa-ƙasa yana ruri, sai ya matse mini hannu har na ji zafi. Maame Dufie ta miƙe tana kaɗa gyale tana cewa, "Baƙin tukunyata ne wancan!"

Lokacin sauka ya yi. Pokuaa ta danna maɓallin ƙafafu. Na ga ta dama ta sauko. Na jira ta hagu.

"Me ya sa ka yi shiru?" in ji Wofa.

Na sake dubawa. Na ce, "Ƙafa ɗaya ce."

Pokuaa ba ta ɗauke ido daga sama ba ta ce, "Baba, zan kawo shi kusa, ka duba mini da kyau." Ta kawo shi, na duba, babu. Ta naɗe, ta sake saki, babu. In ya sauka da ƙafa ɗaya, fiffike zai caki ƙasa ya wuntsila, sai buhu. Mai kuma saura kaɗan. Fili ya ruɗe, kowa da shawararsa, Frimpong yana ihu a girgiza shi ko za ta faɗo.

Wofa ya ɗaga hannu. "Kowa ya kama bakinsa. Matuƙi ɗaya ne." Sannan a hankali ya ce, "Pokuaa, me kika gani?"

"Zan naɗe ta daman ma, in kwantar da shi a kan ciki. Amma fentinka, Wofa."

"Fenti nawa ne. Ke dai kawo shi gida."

Ta zagayo da shi daga can ƙarshen fili. Ina ta faɗa, ban san ma me nake faɗa ba: "Yana saukowa, ya wuce tsayin mangwaro, ya kai tsayin mutum, ya kai gwiwa." Ta kashe injin. Shiru ya sauka, sai iska a fiffike. Sannan muka ji shuuu a cikin ciyawa, Shaho ya ja ciki ya ja, ya ɗan juya hanci, ya tsaya cak.

Ban san lokacin da na jefar da buhu ba. An ce na rungumi Frimpong har na ɗaga shi, ni dai ban yarda ba. Na ja Wofa muka je. Ya durƙusa ya sa hannu a ƙarƙashin jirgin. Farfela ta karye, ciki kuma ya sami doguwar ƙujewa, fenti ya tafi har ana taɓa katako. Pokuaa ta tsaya hawaye na zuba, tana cewa, "Ka yi haƙuri, Wofa." Ya bi ƙujewar da yatsa daga farko har ƙarshe, sai ya fashe da dariya.

"Ina ta wahala da soson Dufie ina zana tabon ƙarya, yau ga na gaske. Duk wanda ya shafa wa wannan fenti, ni da shi ne."

Ranar an rasa wanda za a ba tsoka, tunda ba wanda ya cika buhu. Maame Dufie ta tsamo ta ta sa a kwanona, ta ce, "Tela ne gabansa ya fi na kowa faɗuwa yau." Buhun kuwa ayaba muka cika shi da ita a hanya.

Wofa Nsiah, mai hannun da ke gani, na gode. Ka koya wa 'yata ta riƙe abu mai daraja ba tare da hannunta ya yi rawa ba, ni kuma ka juyo da ni na kalli abin da take iyawa. Ku da kuke da sana'a a hannu, kada ku jira sai kun tabbata yaro ba zai fasa ba kafin ku miƙa masa. Ku miƙa, ku tsaya a gefensa, ku zo da buhu.

An gyara ƙafar, ashe ɗan tsakuwa ne ya maƙale a ciki. An sa sabuwar farfela. Shaho yana rataye a rumfa da tabonsa, Pokuaa tana kaɗe masa ƙura. Wofa ya cika alkawari, ya je an yi masa aikin ido, ni na raka shi. Yanzu yana gida da bandeji, yana faɗa da Maame Dufie a kan ta hana shi taɓa samfefa. Ya ce Lahadin da aka kwance masa bandejin, filin Ejisu za a kai shi kai tsaye. Ko zai ga Shaho a sama da idonsa, ko kuwa ni zan sake tsayawa in gaya masa, har yanzu ba mu sani ba.