Malama Yusnidar, Mai Bin Ɗalibai Har Ɗaki

Haihuwa da Karatu

An haifi Malama Yusnidar a shekara ta 1952 a garin Payakumbuh, a gidan kakanninta na wajen uwa. Mahaifinta, Sutan Marajo, tela ne a kasuwa, mahaifiyarta Rakimah kuwa noman shinkafa take yi. Bayan ta kammala sakandare, a 1971 ta haye teku zuwa Yogyakarta domin nazarin halayyar ɗan Adam.

A shekararta ta biyu Allah Ya jarrabe ta da wani ƙunci da ba ta san sunansa ba, barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta, har ta daina shiga aji. Aka mayar da ita gida, dangi suka ce aljanu ne. Mahaifinta bai yi musu da kowa ba, sai dai ya zaunar da ita kusa da keken ɗinkinsa tana ɗinka maɓallai, har ta dawo hayyacinta. Ta koma makaranta, ta gama a 1978.

Aiki da Aure

A 1980 ta kama aikin koyarwa a wata jami'a a Padang, a shekarar ne kuma ta auri Malam Zainul Bahar, malamin lissafi. Ta roƙi hukumar jami'ar wani ɗaki da ake ajiye karyayyun kujeru, ta share shi, ta mayar da shi wurin sauraren ɗaliban da rayuwa ta yi wa nauyi. A 1994 wata ɗaliba da ta yi alkawarin dawowa ba ta dawo ba, ta halaka kanta. Tun daga wannan rashi Malama ta daina zaman jira, duk wanda aka daina gani a aji sai ta bi shi har masaukinsa.

Haka ta yi a 2003 da Hendrizal, ɗalibin injiniya daga Pasaman, wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshe alhali ƙauyensu na shirin walimar kammala karatunsa, ya kulle kansa a ɗaki. Da hantsi ta je da shinkafa da shayi mai ƙwai, ta zauna a bakin ƙofa.

Ta ce, "Hendri, Malama ce. Ba wa'azi na kawo ba, abinci ne."

Ya ce, "Malama, ki tafi kawai. Tawa ta ƙare."

"Ta ƙare ko wanka ba ka yi ba? Daga nan nake jin tsaminka."

Ya yi 'yar dariya, dariyar ta koma kuka, sannan ya buɗe. Ta tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ya ce e. A ranar ta kai shi wurin likita, da ya sami sauƙi kuma ta raka shi gaban mahaifiyarsa, wadda ta saurari komai sannan ta ce, "Ɗa na tura birni, Malama. Tunda kin dawo mini da shi, takardar digirin ta zauna can." Hendrizal bai koma karatu ba, ya buɗe wurin gyaran injin jiragen masunta, ya yi aure.

Ƙarshen Rayuwa

Ta yi ritaya a 2017, bayan ta horar da matasan malamai da suka gaje ta a wannan ɗaki. Allah Ya yi mata rasuwa a Padang a watan Sha'aban na 2021 bayan gajeruwar jinya, aka kai ta Payakumbuh a motar Hendrizal, aka rufe ta a maƙabartar danginta. Jana'izar ta tara mutane masu yawa waɗanda iyalinta ba su taɓa gani ba.

Ta rasu ta bar mijinta da 'ya'ya uku, Rinaldi, Desmawati da Fitra, da jikoki bakwai, da kuma ɗaliban da har ta koma ga Mahaliccinta ba ta faɗa wa kowa sunayensu ba. Allah Ya jiƙanta.