Ƙwaryar Gyaɗar Malam

Shekarun baya, ina 'yar shekara tara a Karaye, babu wanda bai san ni ba a makarantar allon unguwarmu, kuma ba don ƙoƙari ba. Ni ce wadda ba ta iya zama. Malam zai biya mini karatu, kafin ya kai ƙarshen aya hankalina ya bi wata akuya ya fice ta ƙofar zaure. In ya dawo kuma, sai in tsunguli ta kusa da ni.

Ƙa'idar makarantar ita ce ba a wanke allo sai an ba da hadda. Nawa ya yi wata biyu da rubutu ɗaya, har tawadar ta gaji ta fara dishewa da kanta. Mahaifiyata ta ce ko dai iska ce ke damuna, ko da gangan nake yi. Rubutun da na sha a shekarar nan, da a ciki ake hadda, da na riga kowa sauka.

Mahaifina magatakarda ne a ofishin hakimi, mutum mai son tsari. Ya ce, "In kaka ta wuce ba ki wanke allon nan ba, Tudun Kaya zan kai ki wajen gwaggonki ki koyi zama." Na tsorata ƙwarai, don ban taɓa kwana nesa da mahaifiyata ba.

Wata rana surutuna ya ishi Malam. An kawo masa gyaɗa daga gona, sai ya turo mini ƙwarya guda. "Tunda hannunki ba ya hutawa, ɓare mini wannan. Kada in ji bakinki."

Na koma gefe ina ɓara. Hannuna na samun aiki, kaina ya yi tsit, abin da ban taɓa ji ba. Wata yarinya tana maimaita surar da ke allona, ta yi kuskure, na gyara mata ban ma sani ba.

"Wa ya yi magana?"

"Ni ce, Allah gafarta Malam." Har na miƙa hannu ina jiran bulala.

"Mayar da hannunki cikin gyaɗa. Karanto daga farko."

Na kai ƙarshe babu gyara. Ya ɗauke ƙwaryar ya ce in sake, na kakare a aya ta uku. Ya mayar mini da ita, karatu ya dawo. Malam ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Bayan kwana uku mahaifina ya leƙo, ya tarar da ni cikin ɓawon gyaɗa. Ransa ya ɓaci. "Allah gafarta Malam, karatu na kawo ta ko ƙwadago?"

"Ranka ya daɗe, zauna ka ji."

Ya zauna ya ji. Ranar da kansa ya ɗebo ruwan wanke allon, ba a kuma ƙara maganar kai ni ko'ina ba. Da gyaɗa ta ƙare muka koma wake.

Har yau ina jinjina wa Malam. Bai san sunan abin ba, amma ya tsaya ya dube ni. Sunan sai da na haifi 'ya'ya uku na ji shi, wajen wata likita a Kano. Ta yi ta tambaya: tun yaushe, a gida kawai ko har wajen aiki, ina gama abin da na fara? Ta ce tana son jin ta bakin wanda ya san ƙuruciyata, sai na koma da mahaifiyata. Ita kuwa ta samu fili, ta zazzage tarihina kaf, muna ta dariya.

Likita ta ce lalura ce ta kasa tattara hankali wuri ɗaya haɗe da yawan motsi, a Turance ADHD, da ita na taso, kuma ba laifin kowa ba ne.

Muna fitowa mahaifiyata ta tsaya ta dube ni. Can ta ce, "Ashe ba da gangan kike yi ba."

Na ce a'a, Inna. Ta kama hannuna, ba ta sake shi ba har muka isa tasha.