Gonar Kwaji a Jikin Bango

Kwaji Tizhe mai fenti ne a Mubi. Idan ka taɓa bin bayan keke napep ka ga zaki mai kama da tunkiya, aikinsa ne. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka, na sha gaya masa haka. Yakan ce zakin, ƙoshi ne ya yi masa yawa.

Zanen da ya ba wa ransa kuwa ba na sayarwa ba ne. Yana jikin bangon ɗakinsa: gonar da mahaifinsa ya bar masa a Digil, da tsamiyar da tsohon ke hutawa a inuwarta, da kwarin da ruwa ya fara haƙawa ta gefen kogi. Kowace Asabar yakan taka da ƙafa har can, ya zaga iyakar gonar, ya jera duwatsu a bakin kwarin yadda mutanensu ke yi a tsaunukan Michika, ya dasa ciyawar jema don ta riƙe ƙasa. Sannan ya cuso ƙasa a aljihu, ja daga tudu, baƙa daga gindin tsamiya, ya kwaɓa da ƙaro, ya shafa kowace a gurbinta a jikin bangon. Ita ce fentinsa.

"Baban Anita," in ji matarsa Margret, "ruwa yana cin gonar nan, kai ma kana kwashe ta a wando. Ni ce dai mai wanki."

"Cokali biyu ne fa."

"Shekara goma kana cokali biyu!"

Dokarsa ɗaya ce: bango ba zai yi ƙarya ba. Duk abin da kwarin ya cinye, a ranar yake jiƙa tsumma ya goge shi. Da fari kunya uku na gyaɗa ya goge, daga baya wajen dawa ya bi. Na ce, "Maƙwabci, kai kaɗai na sani mai zanen da aikinsa ke raguwa." Bai yi dariya ba. Ni ma na ji kunyar bakina.

Tsamiyar ce fargabarsa. Ya yi ta jidar mata duwatsu har bayansa ya ranƙwafa.

A Agustan bara aka kwana biyu ana ruwa. Ya dawo daga Digil da la'asar, laka har gwiwa, aljihu wayam. Duwatsun sun tafi, jemar ta tafi, tsamiya tana kwance cikin kwari, saiwoyinta a sama. Ina tsakar gidan ya jiƙa tsumma zai goge tsamiyar. Margret ta tsaya tsakaninsa da bangon.

"Matsa, Maman Anita. Babu ita."

"Wannan baƙar ƙasar, daga ina ka ɗebo ta?"

"Daga gindinta."

"To ita kaɗai ta rage daga wurin zaman Baba. Ita ma ruwan za ka ba?"

Ya dubi tsumman da ke ɗiga a ƙafarsa, sannan ya jefa shi cikin bokiti.

Tsamiyar tana nan a bangon, a kan gonar da ba ta kai tafin hannu biyu ba. Har yanzu yana zuwa Digil ran Asabar ya jera duwatsu. Margret ta ce wandonsa ya daina yi mata wuyar wanki, kuma ba da murna ta faɗa ba.